YADDA TSUNTSAYEN TEKU KE NEMAN ABINCINSU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin kiwo ko doguwar tafiya a daji ya san cewa ƙasa ba ta rasa alamu. Akwai sawu, akwai itatuwa, akwai duwatsu da fadamu, kuma da su ne mutum da dabba suke gane inda ruwa da ciyawa suke. Teku kuwa ba haka yake ba. Ya rufe fiye da kashi 70 cikin ɗari na fuskar duniya, kuma wanda ya shiga tsakiyarsa ba ya ganin kome sai ruwa iyakar ganin ido. Bugu da ƙari, kifin da ke cikinsa bai watsu daidai wa daida ba. Wani wuri ya cika maƙil da abinci, wani kuwa sai a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba a tarar da abin kirki ba, kuma wurin da ke da albarka yau yana iya zama fayau gobe.

Duk da haka, akwai tsuntsaye kimanin iri 350 waɗanda abincinsu ya dogara ga teku, wasunsu ma ba su taka ƙasa sai lokacin yin ƙwai. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ilmin halittu ita ce, ta yaya tsuntsu ke gano abinci a wurin da ba hanya ba alama? In kuma ya gano, ta yaya yake kama abin da ke ƙarƙashin ruwa? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa waɗannan tambayoyi biyu.

Tafiya mai nisa ba tare da gajiya ba

Sharaɗi na farko ga mai neman abinci a teku shi ne iya cin dogon zango da ƙarfi kaɗan. A wannan fanni babu kamar tsuntsun da ake kira albataros, musamman babban nau'insa da ke zaune a tekunan kudancin duniya. Idan ya buɗe fikafikansa, faɗinsu daga baki zuwa baki yakan kai mita 3 da rabi, wanda babu wani tsuntsu mai rai da ya kai haka.

A shekarar 1990 wasu masana biyu 'yan ƙasar Faransa, Pierre Jouventin da Henri Weimerskirch, suka buga sakamakon binciken da suka yi a tsibiran Kuroze da ke kudancin Tekun Indiya. Sun ɗaura wa tsuntsayen 'yan na'urori masu aika saƙo zuwa tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu. Abin da suka gano ya ba kowa mamaki. A fita guda ta neman abinci, yayin da abokin zamansa ke kwance kan ƙwai, tsuntsu ɗaya yakan yi tafiyar kilomita 3,600 zuwa 15,000 kafin ya komo sheƙarsa.

Asirin abin yana ga yadda yake amfani da iska. Iskar da ke dab da fuskar ruwa ba ta da sauri, domin raƙuman ruwa suna tare ta, amma 'yan mitoci kaɗan sama da nan tana kaɗawa da ƙarfi. Sai tsuntsun ya fuskanci iska ya hau sama, ya juya ya ba ta baya, ya gangaro da gudu har ya kusa taɓa ruwa, sa'an nan ya sake juyawa ya hau. Kowane hawa da sauka yana ƙara masa gudu daga wannan bambanci na ƙarfin iska. Tun a 1883 masanin kimiyyar nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan dabara. Haka kuma akwai wata jijiya a kafaɗar albataros da ke riƙe fiffike a miƙe kamar an sa masa sakata, ta yadda tsoka ba ta wahala. An auna bugun zuciyarsa yana cikin irin wannan tafiya, aka tarar bai fi na lokacin da yake zaune a sheƙa da yawa ba.

Hanci: taswirar wari a kan ruwa

An daɗe ana koyarwa cewa tsuntsaye ba su jin wari. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi ne tun daga gwajin da John James Audubon ya yi da ungulayen Amurka a shekarun 1820, inda ya yanke hukuncin cewa da ido kaɗai suke gano mushe. Sai a shekarun 1960 wata masaniya mai suna Betsy Bang ta auna sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin wari a tsuntsaye iri-iri, ta tarar yana da girma ƙwarai a dangin albataros da 'yan uwansa ƙanana da ake kira fetirel. Waɗannan tsuntsaye hancinsu kamar 'yan bututu ne a kan baki.

To, amma warin me suke bi? Amsar ta fito a 1995 daga binciken Gabrielle Nevitt ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta. A saman ruwan teku akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma su ne tushen abincin kusan duk abin da ke rayuwa a teku. Idan wasu 'yan halittu masu kama da ƙananan jatan lande, waɗanda ake kira kiril, suka far wa waɗannan tsirrai da ci, sai wani sinadari mai wari da ake taƙaita sunansa da DMS ya fita ya shiga iska. Shi ne ma wani ɓangare na warin da mutum ke ji a bakin teku. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza: inda DMS ya yi yawa, akwai kiril, inda kuwa kiril yake, akwai kifi.

Don tabbatar da wannan, masanan sun zuba man girki a kan ruwa kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu, wani da DMS a ciki, wani kuma babu. Ƙananan fetirel suka riƙa tururuwa zuwa wanda ke da sinadarin fiye da ɗayan. Tun da yake waɗannan tsirrai sun fi yawa a wurare na musamman, kamar bisa duwatsun ƙarƙashin teku da inda ruwan sanyi ke haɗuwa da na ɗumi, ke nan teku yana da tuddai da kwaruruka na wari waɗanda tsuntsu ke karantawa, mu kuwa ba mu ganinsu. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa kusan rabin abincin da babban albataros ke kamawa yana cikin tafiya, wari ne ya kai shi gare shi. Ana gane haka ne daga yadda yake karkata dama da hagu yana fuskantar iska, kamar karen farauta da ya sami sawu.

Ido da taimakon maƙwabta

Ba dukkan tsuntsayen teku ne ke dogara ga hanci ba. Da yawa ido suke amfani da shi, kuma ba kifin suke fara nema ba, junansu suke kallo. Mai karatu ya san yadda ungulu ɗaya in ta sauka, kafin a jima sai sama ta cika da 'yan uwanta. Haka abin yake a teku. Farin tsuntsu da ke faɗawa ruwa ana hango shi daga nesa, sai na kusa ya nufo shi, na bayansa ya bi, har labari ya kai wurare masu nisa.

Akwai kuma waɗanda ke bin manyan mafarautan cikin ruwa, kamar yadda balbela ke bin garken shanu tana cin farin da suka tayar. A tekunan wurare masu zafi, manyan kifayen tuna da dabbar dolfin sukan koro ƙananan kifaye daga ƙasa zuwa saman ruwa, a nan ne tsuntsayen da ba su iya nutso suke samun rabonsu. Masunta sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan bi garken tsuntsaye don gano tuna.

Wuraren da suka fi tara tsuntsaye su ne inda iska ke ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Haka ke faruwa a gaɓar Feru, da ta Namibiya, da kuma ta Muritaniya da Sanagal a nan Afirka ta Yamma. Ta wannan gaɓa tamu ce wani ɗan tsuntsu da bai fi gram 100 da 'yan kai ba yake ratsawa a kan hanyarsa daga ƙuryar arewacin duniya zuwa Antatika. Binciken 2010 ya nuna yana yin kimanin kilomita 70,000 a shekara, zuwa da komowa.

Dabarun kamu

Gano abinci daban, kama shi daban, kuma kowane tsuntsu an ƙera jikinsa daidai da sana'arsa.

Na farko akwai masu faɗowa daga sama, kamar ganet. Yakan tashi har mita 30, in ya hangi kifi sai ya kifo kai ƙasa, ya naɗe fikafikansa baya dab da zai taɓa ruwa, ya shige kamar mashi da gudun da kan kusanci kilomita 100 a sa'a. Irin wannan karo zai iya hallaka wani tsuntsu, amma shi yana da jakunkunan iska ƙarƙashin fatar fuska da ƙirji masu rage ƙarfin bugu, kuma ba shi da ƙofofin hanci a waje, balle ruwa ya shiga.

Na biyu akwai masu bin kifi cikin ruwa. Fengwin ya bar tashi sama gaba ɗaya, fikafikansa sun zama kamar filafilin kwalekwale. Ƙasusuwansa masu nauyi ne, saɓanin na sauran tsuntsaye masu rami a ciki. Tsokarsa tana ajiye iskar shaƙa da yawa, kuma bugun zuciyarsa yana raguwa in ya nutse. An sami babban fengwin na Antatika ya kai zurfin mita 564, an kuma sami wanda ya haura minti 30 bai fito ya shaƙi iska ba.

Na uku akwai masu tsinta daga saman ruwa. Albataros yakan sauka ya zauna a kan ruwa ya kama abin da ke kusa, ƙananan fetirel kuwa sukan riƙa taɓa ruwan da ƙafafu kamar masu tafiya a kansa suna tsintar kiril.

Na huɗu shi ne tsuntsun firigit, wanda lamarinsa ya fi ban mamaki. Tsuntsun teku ne, amma gashinsa yana jiƙewa, don haka ba ya sauka a ruwa. A sama yake cafke kifaye masu tsalle waɗanda tuna ta koro, wani lokaci kuma ya tare wani tsuntsu ya matsa masa har ya amayar da abin da ya kamo. A 2016 an gano yana iya yin wata biyu bai sauka ba, yana bin iskar da ke hawa cikin gajimare har tsawon mita 4,000. Wani bincike na wannan shekara ya nuna yana barci yana tafe, amma jimlar barcin ba ta kai sa'a ɗaya a yini ba.

Dukkansu kuwa suna haɗiyar gishiri mai yawa. A ƙarshen shekarun 1950 Knut Schmidt-Nielsen ya gano wasu gaɓoɓi biyu a saman idanunsu masu tace gishiri daga jini, ya fita ta hanci ko baki yana ɗiga.

Lokacin da baiwa ta zama tarko

Abin takaici, waɗannan baye-baye da suka rayar da tsuntsayen teku su ne ke jefa su cikin haɗari a wannan zamani. Manyan jiragen kamun kifi suna shimfiɗa wata irin igiya mai kama da mamarin masuntanmu, sai dai tata tsawon yakan kai kilomita masu yawa, da dubban ƙugiyoyi ɗauke da koto. Tsuntsu ya ji wari ya zo, ya haɗiye koto, ƙugiya ta ja shi ƙasa ya nutse. Ƙiyasin 2011 ya nuna cewa aƙalla tsuntsaye 160,000 ke mutuwa ta haka kowace shekara. Haka kuma a 2016 aka gano cewa robar da ta jima a teku tana ɗaukar warin DMS, wanda ake jin yana cikin dalilan da ke sa tsuntsaye haɗiye ta.

Asarar tana da nauyi domin haihuwarsu kaɗan ce. Babban albataros ba ya fara ƙwai sai ya kai kimanin shekara 10, ƙwai ɗaya tak ake yi, shi ma sau ɗaya a shekara biyu. Tsawon rai ne ke cike wannan gurbi: wata albataros da aka sa wa zobe a tsibirin Midway a 1956 ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024, tana da shekara 74 ko fiye. In uwa ko uba ya mutu a teku, ɗan da ke sheƙa shi ma ya tafi, domin ɗaya ba ya iya ciyar da shi. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa tsuntsayen tekun da ake ƙidayawa sun ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1950 da 2010.

Magani kuwa ba mai tsada ba ne. Ana iya shimfiɗa igiyar da dare, a sa mata nauyi don ta nutse da sauri, a kuma rataya tsummoki masu kaɗawa a bayan jirgi don korar tsuntsaye, kamar yadda manomi ke yi a gonar gero. A Afirka ta Kudu, rataya irin waɗannan tsummoki a jiragen jan taru ya taimaka wajen rage mutuwar albataros da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Tun 2004 kuma akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare albataros da fetirel.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa tsuntsun teku yana haɗa ƙarfin iska da hanci da ido da lura da maƙwabta kafin ya sami abin kai wa bakinsa. Sanin wannan yana da amfani ga ɗan'adam, domin kifin da tsuntsu ke nema shi ne wanda miliyoyin mutane ke ci, har da mu da ke nesa da gaɓa muke sayensa a kasuwa. Wani bincike na 2011 da ya duba yankunan teku bakwai ya nuna cewa idan ƙananan kifaye suka ragu ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na mafi yawan da aka taɓa gani, haihuwar tsuntsaye takan faɗi. Saboda haka sheƙar da ta zama kango gargaɗi ce ga masunci tun kafin tarunsa ya fara fitowa wayam. Ya kamata ɗalibanmu na ilmin halittu su mai da hankali ga wannan fanni, ganin cewa gaɓar Afirka ta Yamma tana cikin manyan hanyoyin waɗannan tsuntsaye, kuma tana buƙatar masu nazari daga cikin 'ya'yanta.