Salvador ta Bahia: Birnin Gaɓar Teku da Tarihin Hausawa Ya Ratsa

A tsallaken Tekun Atlantika akwai Salvador, babban birnin jihar Bahia da ke arewa maso gabashin Birazil. Birnin yana zaune a kan wani tsinin ƙasa da ya raba buɗaɗɗen teku da lungun ruwa na Todos os Santos, wato wurin da teku ya kutsa cikin tudu har ya zama mafakar jiragen ruwa. Ƙidayar 2022 ta ba shi mutum kimanin miliyan 2.4, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari baƙar fata ne ko ruwa-biyu.

Kasancewarsa kudu da layin ekwato, wanda ya raba duniya gida biyu, ya sa zafinsa ke tsananta daga Disamba zuwa Maris, yayin da ruwan sama ke yin ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni. Matsakaicin zafi yana tsayawa kusa da digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, ruwan shekara kuma yakan kusanci milimita 2,000, wanda ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma babu hunturu balle watan da ƙasa ke bushewa ƙayau. Wannan danshi ne ya sa rake da taba suka karɓi ƙasar da ke kewaye da lungun ruwan, kuma su ne suka jawo jiragen bayi.

Tomé de Sousa, gwamnan farko da Fotugal ta turo, shi ya kafa birnin a 1549, kuma birnin ya kasance hedikwatar mulkin mallaka har 1763, lokacin da aka mayar da ita Rio de Janeiro. An gina shi hawa biyu, fada da majami'u a kan tudu, kasuwa da tashar jiragen ruwa a ƙasa, kuma tun 1873 wata na'urar hawa da sauka mai suna Lacerda, mai tsayin mita 72, ke haɗa su. Tsohuwar unguwar Pelourinho, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, a nan aka kafa turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a.

Gadon Afirka da ke bayyane a yau ya fi karkata ga Yarbawa. Akwai Candomblé, addinin bautar iskoki wanda mabiyansa ke kai kyaututtuka ga Iemanjá, uwar teku a aƙidarsu, a gaɓar Rio Vermelho kowace ranar 2 ga Fabrairu, akwai kuma capoeira, wasan da ya haɗa kokawa da rawa da kiɗa. A bakin tituna mata masu fararen tufafi suna soya acarajé, wanda ƙosai ne na wake da ake soyawa da manja.

Rairayin bakin teku su ne abin da kamfanonin yawon buɗe ido suka fi tallatawa. Porto da Barra yana cikin lungun ruwan, don haka ruwansa a kwance yake, ya dace da iyo, yayin da Stella Maris da Flamengo, masu fuskantar buɗaɗɗen teku, ke da igiyar ruwa mai ƙarfi. Itapuã kuwa, mai bishiyoyin kwakwa da hasumiyar fitila mai shiryar da jirage, tana ɗauke da labarin da masu talla ba su cika ambatawa ba, domin a nan ne, ranar 28 ga Fabrairu 1814, bayi waɗanda akasarinsu Hausawa ne suka yi bore, suka ƙone sansanonin kamun kifi inda ake bautar da su.

Zuwan Hausawa Bahia da yawa ya biyo bayan yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka fara a 1804, inda fursunoni daga ɓangarorin biyu suka riƙa wucewa hannu zuwa hannu har gaɓar teku. Tun a 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa a cikin birnin. Mafi girma shi ne tawayen Malê, sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a can, wanda ya ɓarke a daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Kimanin mutum 600, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu, aka gwabza har zuwa barikin sojan doki na Água de Meninos, inda aka murƙushe su, kuma kusan 70 daga cikinsu suka rasa rayukansu. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani 'yantaccen bawa Bahaushe, ɗan kasuwar taba, mai suna Dandará. Kisa da bulala da kora zuwa Afirka da suka biyo baya sun karya Musuluncin bayi a Bahia, abin da ya taimaka wajen dusashewar sawun Hausawa a al'adun birnin, tun kafin a soke bauta a 1888.

Takardun Larabci da 'yan sanda suka ƙwace a 1835, masu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, suna ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar Bahia, kuma masanin tarihi João José Reis ya yi amfani da su a littafinsa na 1986. Ya kamata sassan tarihi da na Larabci a jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya su tura masanan rubutun hannu su nazarce su.