Abubuwan da ya kamata ka sani game da Kazaure

Wanda ya kama hanyar Daura daga Kano, idan ya wuce Dambatta, zai ga ƙasa ta fara tashi, duwatsu sun ɓullo bayan doguwar shimfiɗar gonaki. Kazaure ke nan, kimanin kilomita 80 daga birnin Kano. Yawancin matafiya ba sa yin fiye da tsayawa shan mai ko sallar azahar, alhali garin hedikwatar masarauta ce da ta haura shekara 200.

Yadda masarautar ta samu

Kazaure ba ta cikin tsoffin daulolin Hausa irin su Kano, Katsina da Daura. Daga jikinsu aka yanko ta. Wanda ya yi yankan shi ne Ɗan Tunku, shugaban Fulani da ke zaune a Dambatta, wanda ya taka rawa a jihadi a arewacin Kano.

Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shafe kusan shekara biyar ana ɗauki-ba-daɗi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar wa Kazaure 'yancinta: ba ta ƙarƙashin Kano, Sakkwato take bi kai tsaye. A ganina wannan ne mabuɗin fahimtar mutanen wannan gari. Ƙaramar masarauta ce da ta tsaya gaban babbar maƙwabciya ta ce ita ma da tutarta, kuma aka amsa mata.

Ɗan Tunku ya rasu a 1824. Ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar sosai, ya faɗaɗa ƙasar, ya yi mulki har 1857, shekarar da ya rasa ransa a yaƙi da rundunar Damagaram. Wato an huta da Kano ta kudu, sai ga barazana ta arewa, wadda ta ci gaba har kusan ƙarshen ƙarni na 19. Duwatsun da matafiyi ke kallo a matsayin ado, a wancan zamani garkuwa ne. Sarkin yanzu, Alhaji Najib Hussaini Adamu, ya hau gadon ne a 1998.

Babura ba ta cikin masarautar

Nan mutane da yawa kan yi kuskure. Ƙananan hukumomin masarautar Kazaure huɗu ne: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Babura maƙwabciya ce ta kusa, ana auratayya ana cin kasuwa tare, amma a masarautar Ringim take.

Jigawa a takarda, Kano a hanya

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Kazaure ta faɗo ciki. Duba taswira ka gani: yankin ya miƙe can arewa maso yamma kamar hannun riga, Kano ta kudu, Katsina ta yamma da arewa, ta wajen Babura kaɗai ya manne da sauran jihar. Ma'aikacin da aka kira Dutse, sau da yawa sai ya ratsa ta Kano kafin ya kai babban birnin jiharsa.

Wannan ya shafi komai. Ɗan kasuwa yana saro atamfa a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa. Manomi kan kai hatsinsa Dawanau. Mara lafiyar da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin gari, Kano ake nufa da shi. Harajin na Jigawa ne, amma cinikin yau da gobe ya fi karkata Kano.

Duk da nisan, yankin bai zama saniyar ware a siyasa ba. Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, Muhammad Badaru Abubakar na maƙwabciya Babura kuma daga 2015 zuwa 2023.

Abin da ke riƙe da mutane

Noma ne ƙashin baya: gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, ga kiwo. A zamanin dalar gyaɗa ta Kano, yankin na cikin masu ciyar da ita. Abin da ya bambanta Kazaure da garuruwa da yawa na arewacin Jigawa shi ne ruwa. Madatsar Muhammadu Ayuba tana manne da garin, kogin Gari kuma na ratsa yankin. Da rani, lokacin da gonakin tudu suka bushe ƙurmus, za ka ga bakin ruwa kore shar da tumatur, albasa da attaruhu, injin ban-ruwa na ta ƙugi, masunta na jan koma. Matsalar ita ce kayan gwari ba sa jira. Idan tumatur ya nuna a lokaci guda babu wurin adanawa ko sarrafawa, kwandon da aka sha wahala a kansa sai a sayar da shi yadda dillali ya ga dama. Wannan asarar tana ci mini rai fiye da kowace.

Ƙafa ta biyu ita ce makarantu. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, da cibiyar koyon kwamfuta da aka kafa zamanin Saminu Turaki, wadda kowa ke kira Informatics, da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya. A Babura kuma an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ɗalibai ne ke raya masu gidajen haya, masu abinci da 'yan acaɓa, shi ya sa idan aka yi hutu kasuwa kan yi sanyi. Sai dai yawancin waɗanda suka gama, Kano da Abuja suke tafiya neman aiki.

Jirgin ƙasa na tafe

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ya karɓa. Layin zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tasha kaɗai ba ta isa ba. Idan babu rumbunan ajiya da ƙananan masana'antun gyaran riɗi da sarrafa tumatur a kusa da ita, jirgin zai riƙa kwashe kayan ɗanye zuwa Kano, ribar ta bi su. Gwamnatin jiha da attajiran masarautar ne ya kamata su nemi filayen su fara ginin tun kafin a gama shimfiɗa dogon.