Baro, Garin da Dogon Kano Ya Faro

A bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, akwai wani ƙaramin garin Nufawa mai suna Baro. Daga nan aka fara shimfiɗa layin dogon da ya shiga Kano a 1911, tun kafin jirgin Ikko ya san hanyar birnin Dabo.

A wancan zamani Arewa da Kudu kowace da gwamnatinta, Turawan Arewa kuwa suna son ƙofar fita teku tasu ta kansu, ba sai sun bi ta hannun Ikko ba. Kogi ne ya ba su wannan ƙofa. Jiragen ruwa na ɗauko ƙarafan dogo da kawunan jirgi daga Burutu, su hauro har Baro su sauke. Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, dama injiniyan dogo ne da ya yi aiki a Sudan da Afirka ta Kudu, kuma a shekarar da ya zo aka kama aiki.

Littattafai sun fi yabon saurin aikin da arharsa. Arhar nan kuwa talakawa ne suka biya ta. An ɗora wa sarakuna da hakimai tara leburori, ko mutum yana so ko ba ya so, a raba shi da gonarsa a miƙa masa diga da kwando. Da ka aka yi ta jidar ƙasa, kwando bayan kwando, har dogo ya ratsa Katcha da Badeggi, ya wuce Minna da Zariya, tafiyar sama da mil 350. Ladan da aka riƙa biyan su da tsabar kuɗin Bature ya taimaka wajen korar wuri daga kasuwannin yankin.

Auduga Turawa suka hango za ta cika taragai, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka zaɓi gyaɗa.

Sai dai cin kasuwar Baro bai daɗe ba. Kogin Kwara ba ya ɗaukar manyan jirage sai ruwa ya cika, 'yan watanni a shekara. Da rani ya kama, yashi ke tare hanya, kaya su yi ta zaman jira a tasha. Layin Ikko kuma ya haɗu da na Baro a Minna, aka game hukumomin jiragen biyu a 1912. Da aka gama gadar Jebba da ke kan Kwara a layin Ikko, aka huta da tsallakar da taragai a kan jirgin fito, ɗan kasuwa ba ya da dalilin sauke buhunansa a Baro alhali jirgi zai kai masa su bakin teku kai tsaye. Babban layi ya koma ɗan reshe mai mil 111 daga Minna, daga baya reshen ma ya daina aiki, ciyawa ta rufe ƙarafan.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, da na'urorin sauke kaya da rumbunan ajiya. Shekaru suka shuɗe ba ta ga kayan kirki ba, domin hanyar motar da ta taso daga Agaie ba ta kammalu ba, kogin na bukatar yasa, dogon da zai kwashi kaya zuwa Minna kuma yana kwance a daji. Turawan 1907 sun haɗa tasha da dogo a lissafi ɗaya. Mu mun gina tashar, muka bar sauran sai wani kasafin kuɗi.