Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa: Me Ɗan Makera Zai Tsinta a Ciki?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, shagunan kwamfuta na Makera da Kakuri a Kaduna kan cika da yara, kowa na jiran layinsa. Likitanci da aikin lauya suna nan a gaba kamar kullum. Amma akwai kwas ɗin da a da sai jefi-jefi ake jin sunansa, yanzu kuwa ya zama ruwan dare a bakin matasa, wato nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa. In ka tambayi yaro dalili, amsar ba ta wuce guda: yana son zama jakada, ko ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Fannin ba tsoho ba ne can. A 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko a kansa a Aberystwyth da ke Birtaniya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa mutane neman sanin abin da ke jefa ƙasashe cikin yaƙi. A nan Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ce uwa. Farfesa Ibrahim Gambari, wanda ya shugabanci sashen kimiyyar siyasa a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, shi ake dangantawa da kafa digirin farko na wannan fanni a can. Tsarin kwas ɗin haɗaka ne: siyasa, tarihi, tattalin arziki, dokar ƙasa da ƙasa, labarin ƙasa, da harshen waje.

Dalilan rububin suna da yawa, kuma ba duka ne na ilimi ba. Bahaushe dai ya daɗe da kunne a kan duniya. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kuma a teburin mai shayi za ka ji ana fashin baƙi kan Gaza da Yukiren kamar rikicin unguwa. Yaron da ya tashi a haka ba ya jin fannin baƙo ne. Ga kuma misalai a gabansa: Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗalibin Zariya, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, Amina Mohammed kuma tana mataimakiyar babban sakatare tun 2017. Rikicin Boko Haram ya kawo ƙungiyoyin agaji masu fararen motoci da albashi mai tsoka, matasa suka gani suka yi sha'awa. Sai wani dalili da jami'o'i ba su cika faɗa ba. Da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, masu neman sashen tarihi suka ragu, sai jami'o'i da dama, irin su Jos da Ilori, suka zama suna da sashen tarihi da nazarin ƙasa da ƙasa a haɗe. Sunan ya ja ɗalibai. A wasu wuraren kuwa malaman su ne na jiya, littattafan su ne na jiya. Akwai kuma waɗanda makinsu bai kai na lauya ba, aka tura su nan, suka karɓa don kada a rasa gurbi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaron Makera ke ɗaga kai yana hangen New York da Janiba, alhali darasin farko na kwas ɗin yana bayan gidansu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. Masaƙar Arewa da jarin Japanawa ta tashi. Masaƙar UNTL kuwa iyalin Cha ne daga Hong Kong suka kafa ta. A 1975 Faransawa suka fara haɗa Peugeot a nan. Wato unguwar nan kanta 'yar hulɗar ƙasa da ƙasa ce. A wancan zamani, jiniyar canjin aiki ce ke tsara ranar mutane: in ta yi kuka, titi ya cika da kekuna, masu abinci su buɗe tukwane a bakin get, mai gidan haya ya san ƙarshen wata kuɗinsa na tafe. A masaƙar Arewa Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Faɗuwar masaƙun ma daga waje rabinta ta zo. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran rini da ake shigowa da su suka yi tsada. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. A farkon 2005 tsarin kason da ya taƙaita cinikin tufafi a duniya ya ƙare, masaƙun Sin suka samu fili. Atamfa mai araha ta riƙa sauka a Kwatano, ta bi ta Maraɗi, ta ɓullo Kantin Kwari ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. Namu laifin yana nan, ba a ɓoye shi: rashin wuta, tsadar baƙin mai, lalacewar noman auduga, sakacin shugabanni. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka koma acaba da gadi, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. An ƙulla yarjejeniyoyin da suka taɓa tukunyar kowane gida a Makera, kuma da wuya a ce akwai ɗan unguwar da ya iya karanta su a lokacin, balle ya ce uffan. Wannan kaɗai ya isa hujjar a yi karatun.

Amfanin da ake gani ga waɗanda suka yi shi da gaske ba ƙarami ba ne. Suna fitowa da iya karanta takarda mai sarƙaƙiya, da iya rubuta rahoto, da sanin cewa farashin buhun shinkafa a Kasuwar Bacci yana da alaƙa da rufe iyaka da aka yi a Agustan 2019. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka datse iyaka, gidajen rediyon Kaduna sun nemi masu bayani da Hausa, kuma 'yan wannan fanni na cikin waɗanda suka iya ɗaukar nauyin. Aikin jarida, ƙungiyoyin sulhu, kwastam, hukumar shige da fice, duk suna shan su. A gari irin Kaduna, inda kogi ya zama kamar katanga tun rikicin 2000, mutumin da aka koya wa dabarun sasanci yana da aiki ko bai taɓa riƙe fasfo ba.

Illar kuma ita ce tazarar da ke tsakanin buri da ƙofa. Ofisoshin jakadancin Najeriya a duniya ɗari ne da 'yan kai. Ma'aikatar harkokin waje ba kullum take ɗaukar ma'aikata ba, kuma in ta tashi ɗauka ba ta keɓe wa 'yan wannan kwas ba; mai digirin tattalin arziki ko Faransanci yana iya shan gabansu. Kujerun jakadu da yawa ma 'yan siyasa ake ba. Sai yaro ya gama bautar ƙasa ya dawo gida da takarda mai babban suna, iyaye suna jiran mota mai tuta, shi kuma yana koyarwa a makarantar kuɗi.

Haɗakar da ake alfahari da ita ma takan zama rauni. Wanda ya ɗanɗana fanni biyar cikin shekara huɗu yana iya fita bai ƙware a ko ɗaya ba. Ya san sunayen ra'ayoyin masana, bai iya lissafin harajin fito ba. Ya ci jarrabawar Faransanci, amma in aka ajiye shi a kasuwar Maraɗi Hausarsa ce za ta cece shi, in aka shiga ofis kuma ya yi shiru. Ƙasashe huɗu ke kewaye da mu, Benin, Nijar, Chadi da Kamaru, dukkansu da Faransanci ake cike takardun iyakarsu.

A Amurka ɗalibi kan ɗauki babban fanni, ya rataya ƙarami a gefe. Injiniya ko akanta ya haɗa da hulɗar ƙasashe. A ganina wannan tsari ya fi dacewa da yawancin yaranmu, kuma akwai hanyar kusantarsa. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar Jihar Kaduna da ta Zariya suna iya zuba dokokin ciniki, aikin kwastam, da harshe guda da za a koya har a iya ciniki da shi, Faransanci ko Larabci ko Sinanci. Wurin gwaji ma ba nisa. Tun Janairun 2018 aka buɗe tashar tsandauri a Kakuri, inda ake tantance kwantenoni ba sai an je Legas ba, kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a 2021. Ɗan kasuwar da ke son fitar da citta ko riɗi yana buƙatar wanda ya san takardar shaidar asalin kaya da ƙa'idojin ƙasar da za a kai. Ɗalibin da ya yi wata shida yana koyon aiki a wannan tasha, ya rubuta kundin kammala digirinsa kan yadda atamfar Sin ta kashe KTL, zai samu mai neman sa tun kafin ma'aikatar harkokin waje ta buɗe ɗaukar aiki.