Wa Ke Mulki, Minista Ko Sakatarensa? Labarin Shirin "Yes Minister"

Yau Ingila za mu leƙa, kan wani tsohon wasan barkwanci na talabijin mai suna Yes Minister, wato "To, ranka ya daɗe Minista". Yawancinku ba a haife ku ba sa'ad da aka fara shi, amma ku bi ni.

BBC ce ta fara nuna shi a watan Fabrairun 1980. Mutum biyu suka rubuta, Antony Jay da Jonathan Lynn. Ya ci gaba har 1984, sannan aka ɗora da Yes, Prime Minister daga 1986 zuwa 1988. Duka-duka kashi 38 ne, kusan kowanne na rabin awa.

Mutum uku ne suka riƙe wasan. Akwai Jim Hacker, ɗan siyasa da aka ba sabuwar ma'aikata, wadda a zahiri babu ita, marubutan ne suka ƙirƙiro ta, wai Ma'aikatar Harkokin Gudanarwa. Paul Eddington ne ya fito a matsayinsa. Sai Sir Humphrey Appleby, babban sakataren ma'aikatar, wanda Nigel Hawthorne ya taka. Sai Bernard Woolley, sakataren ofishin minista, bawan Allah da ke tsaka mai wuya: minista yake wa aiki, amma ƙarin girmansa yana hannun Humphrey. Derek Fowlds ne ya fito a Bernard.

To ina rigimar? A tsarin Birtaniya, minista zuwa yake ya tafi. Zaɓe na iya kawar da shi, firaminista na iya canza masa ma'aikata. Shi kuwa babban sakatare ma'aikacin gwamnati ne, ba zaɓensa aka yi ba, ya fi kowa sanin fayil-fayil, kuma yana nan daram. Wannan tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Najeriya ta gaji ofishin babban sakatare daga Turawan Ingila. Hacker ya zo da alkawura, yana son a ga ya yi aiki, ko a ƙalla jaridu su ce ya yi. Humphrey kuma imaninsa shi ne ƙasa ta fi zama lafiya idan 'yan siyasa ba su taɓa komai ba.

Abin dariyar, Humphrey ba ya cewa a'a. Sai dai ya yi ta jero Turanci mai tsawo, jimla guda kamar layin mai, har minista ya manta me ya tambaya. Idan takarda mai muhimmanci ce, a cusa ta can ƙasan jajayen akwatunan da minista ke tafiya da su gida da dare, a san cewa kafin ya kai gare ta barci ya ɗauke shi. Idan ya nace, a ce a kafa kwamiti. Idan ya ƙara nacewa, sai Humphrey ya yaba masa, ya ce lallai wannan mataki na jarumta ne. Da jin kalmar jarumta sai cikin Hacker ya ɗuri ruwa, don a yarensu ma'anarta za ka faɗi zaɓe.

Kashin da ya fi tsaya min a rai shi ne na asibiti. Hacker ya gano akwai wani sabon asibiti mai ma'aikata kusan 500, amma babu likita, babu mara lafiya ko guda. Ya ce a rufe ko a kawo marasa lafiya. Sai aka nuna masa cewa ai mutanen nan aiki suke ba ji ba gani: masu lissafi, masu sayen kaya, masu kula da ma'aikata, kowa teburinsa cike. Wato marasa lafiya ma cikas za su kawo wa aikin! Za ka yi dariya, sannan ka ɗan yi shiru.

Akwai kuma inda Humphrey ya koya wa Bernard yadda ake murɗa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Ya jero masa tambayoyi har Bernard ya amince a dawo da aikin soja na dole ga matasa, sannan ya sake jero wasu har ya ce bai yarda ba. Mutum ɗaya, cikin 'yan mintoci. Ku tuna da wannan duk ranar da kuka ga an ce "kashi kaza cikin ɗari na mutane sun goyi baya".

Me ya sa wasan ya yi kama da gaske haka? Marubutan suna da masu tsegunta musu daga ciki, irin su Marcia Falkender da Bernard Donoughue, waɗanda suka yi aiki kusa da Firaminista Harold Wilson. Sun kuma karanta kundin tunawa na Richard Crossman, wanda ya yi minista a shekarun 1960. Sannan ba su taɓa faɗin jam'iyyar Hacker ba, don haka kowane ɓangare ya ɗauka da abokin hamayyarsa ake.

Margaret Thatcher, firaministar lokacin, tana son shirin ƙwarai, har a 1984 ta fito a wani ɗan gajeren wasa tare da Eddington da Hawthorne. A nan ne wasu ke da ƙorafi, kuma ni ina ganin suna da hujja: wasan ya zana ma'aikacin gwamnati a matsayin mai hana ruwa gudu, abin da ya yi daidai da ra'ayin masu son a rage girman gwamnati. Alhali wani lokacin wanda ya ce wa minista "a bi a hankali" shi ne ya ceci kuɗin jama'a. Kuma a wasan ma, ba kullum Hacker ke da gaskiya ba. Sau da yawa ƙuri'a kawai yake hange.

Jaruman uku duk sun rasu: Eddington a 1995, Hawthorne a 2001, Fowlds a 2020. Indiya ma ta yi nata mai suna Ji Mantriji. Wanda zai nema ya kalla, ya fara da kashin farko, "Open Government", amma ya kunna rubutun ƙasa, don Turancin Humphrey ko Bature sai ya kasa kunne. Sai mun haɗu a shiri na gaba.