Gwajin Maganin Gargajiya na Sin a kan Ciwon Tsauni

Akwai wata cuta wadda Hausa ba ta da suna dominta, dalili kuwa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Ko Tudun Wada, duk da sunanta, ba ta kai mita 700 sama da teku ba, Chappal Waddi kuwa, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ita wannan cuta galibi sai an haura mita 2,500 take kama mutum. A nan za mu kira ta ciwon tsauni.

In mutum ya yi sama ƙwarai, iska takan yi sharasara, kowane numfashi ya riƙa kawo oksijin kaɗan. Sai ciwon kai ya taso, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, ko da mutum lafiyayye ne ƙaƙƙarfa. In ta tsananta, ruwa yakan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, har a rasa rai.

Mutanen Sin da na Tibet sun daɗe suna shan saiwar wani tsiro, hongjingtian, don rigakafi. A 2013 likitocin Taiwan suka buga sakamakon gwajinsa. Mutum 102 lafiyayyu suka hau dutse daga mita 250 zuwa 3,421, kowannensu sau biyu: sau ɗaya yana shan miligiram 800 na tsiron kullum tun kwana 7 kafin hawa, sau ɗaya kuma yana shan ƙwayar wofi mai kama da ita. Da mai sha da likita, ba wanda ya san wadda aka ba shi. Da aka ƙirga, kashi 60.8 cikin 100 suka kamu da an sha maganin, kashi 60.8 kuma da an sha wofi.

To, mai karatu ya lura da sauran mutum huɗu cikin goma da suka sauko lafiya. Da ba a yi musu hawan wofi ba, kowannensu zai rantse saiwar ce ta tsare shi, kuma ba ƙarya zai yi da gangan ba. Irin wannan shaida ce masu tallar magani da lasifika suke kawo mana a bakin kasuwa, kuma a ganina ba ta isa hujja ba, ko a Sin ko a Zariya.

Haka ganyen ginkgo ya gaza a Nepal, a gwajin da aka buga a 2004: masu shansa kashi 35 suka kamu, masu wofi kashi 34, masu ƙwayar asibiti Diamox kuwa kashi 12 kacal.

Kada a ɗauka raini ne ga maganin Sin. Daga ganyen qinghao Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, aka gwada ya ci, ga shi muna sha yau. Amma mai niyyar hawan Kilimanjaro, shawarar likitoci ita ce ya hau sannu: in ya wuce mita 3,000, kada wurin kwanansa ya ƙaru da fiye da mita 500 a yini.