Matar da ta kayar da gwamnati a kotu kan haƙƙin gida, ta rasu a bukka

A watan Mayun 1999, lokacin da sanyin hunturu ke kankama a Afirka ta Kudu, motocin rusau sun isa wani fili da ke kusa da birnin Cape Town, suka baje bukkokin da ke wurin. Cikin waɗanda aka kora har da Irene Grootboom. Su 900 ne, kuma 510 daga cikinsu yara ne.

Asalinsu mazauna Wallacedene ne, unguwar talakawa mai cunkoso wadda ruwa ke mamayewa da damina. Wasunsu sun shafe shekara bakwai suna jiran gidajen gwamnati. Da haƙurinsu ya ƙare, sai suka tare a filin da ba nasu ba. Bayan rusau ɗin suka koma kwana a filin wasanni, suna rufa da leda.

Daga nan suka garzaya kotu. Hujjarsu ita ce sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1996, wanda ya ce kowa na da haƙƙin samun muhalli mai kyau, kuma wajibi ne gwamnati ta ɗauki matakan da suka dace, daidai ƙarfin aljihunta, don cika wannan haƙƙi sannu a hankali.

Gwamnati ba ta rasa abin faɗa ba. Tun 1994 take gina gidaje, bayan alƙawarin gida miliyan ɗaya cikin shekara biyar. Sai dai a ranar 4 ga Oktoban 2000, Kotun Tsarin Mulki, a hukuncin da Mai Shari'a Zak Yacoob ya rubuta, ta ce shirin na da giɓi: ya tanadi gidaje ga masu jiran layi, amma ya manta da waɗanda ba su da inda za su kwana yau.

Kotun ba ta ce a miƙa wa kowa makulli nan take ba, ba ta kuma tsara wa gwamnati kasafin kuɗi ba. Abin da ta kafa shi ne ma'auni: shirin da ya tsallake mafiya buƙata bai cika sharaɗin doka ba, komai yawan alƙaluman nasararsa. A 2004 gwamnati ta fito da shirin muhallin gaggawa.

A Najeriya lamarin ya bambanta. Babi na biyu na kundin 1999 ya umarci gwamnati ta samar da muhalli da abinci, ta kuma hana dukiya taruwa a hannun 'yan tsiraru. Amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kan wannan babi. Ke nan da wuya talakan da wata manufar tattalin arziki ta jefa cikin ƙunci ya bi hanyar da Grootboom ta bi.

Ita ma hanyar ba ta kai ta gida ba. Hukuncin ya sauya manufa, amma kotun ba ta ci gaba da sa ido kan aiwatar da shi da kanta ba. A 2008 Irene Grootboom ta rasu tana da shekara 39, a cikin bukkarta a Wallacedene take zaune, shekara takwas bayan nasarar da ɗaliban lauya ke karantawa da sunanta har yau.